Fuskar da Mutanen Kalgo Ba Su Gani Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma, kuma kakana ya riga mu isa. Ya cika da hantsin wata Laraba a kan buzunsa, alƙalami na maƙale a bayan kunnensa, kafin la'asar har an dawo daga maƙabarta. Malam muke ce masa gaba ɗaya, da mu jikokinsa da waɗanda ba su haɗa komai da shi ba sai karatu.

Zaman makokinsa ya tara mutanen da ban taɓa zaton inuwa ɗaya za ta ɗauke su ba. Tsofaffin ɗalibansa sun cika zaure har sun malalo titi, kowa na ba da labarin da zai nuna shi ne ɗan gaban goshi. Fulanin rugagen wajen Dangoma sun zo da ƙoren nono, suka tsuguna daga nesa, suka yi wa Modibbo, kamar yadda suke kiransa, addu'a, suka tashi ba tare da sun ɗanɗana ko ruwa ba. Wani makaho da ya tsufa yana rera waƙoƙin Malam a kasuwar Gwandu ya zauna a bakin ƙofa ya ɗauko wadda ya yi a kan daren farko a kabari. Ya kai tsakiya murya ta ƙi, ya ce a taimake shi da ruwa, bai ƙarasa ba. A cikin gida kuma wata tsohuwa da ba wanda ya san daga inda ta fito ta ce ita ba ta taɓa sa Malam a ido ba, amma da waƙarsa ta haƙura lokacin da ta binne 'ya'yanta.

Aikinsa ke nan tun ina yarinya har ranar da ya faɗi. Waƙoƙin wa'azi yake rubutawa da ajami, wasu da Hausa wasu da Fillanci, a kan mutuwa da haƙuri da yaudarar duniya. Bai taɓa kai su a buga ba. Ɗalibai ke kwafa da hannu, makafi su haddace, mata su rera a wajen daka, yanzu kuma ga su nan a wayoyin mutane.

Ran sadakar uku wasu malaman jami'a suka zo daga Kalgo, mutanen kirki, suka ce suna son su tattara waƙoƙin a littafi, suna roƙon a ba su hotonsa su sa a bango. Kawuna ya ce babu. Suka ce ko na katin shaida ne, ya ce bai yi ba. Suka ce to na aikin hajji fa? Ya ce hajjin ƙuruciya ne, ta ƙasa ya je, takardun kuwa gara ta gama da su tun ba a haife shi ba. Ɗalibai suka shiga laluben wayoyinsu, kowa ya fito da nasa, duk iri ɗaya ne: rawani, sai tafin hannu a buɗe ya tare fuska. Da ya ga an ɗaga waya yake jan amawali ya rufe baki da hanci, ya ɗaga hannu. Duk Gwandu ba tafin hannun da aka ɗauka hoto kamar nasa.

Yafendo, ƙanwar mahaifiyata, ita ta shigo mana da labarin cikin gida, kuma duk da makoki sai da mata suka yi dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Mahaifiyata na zaune a kusurwa, ta juya wa mutane gefe, ta tambaya ba tare da ta dubi kowa ba:

"Ko guda babu?"

Aka ce babu. Ta ja mayafi ta rufe kanta.

Sai na yi bayanin gidanmu kafin a gane nauyin wannan tambaya. Mahaifiyata ita ce 'yar farin Malam. Mu kuwa kunyar ɗan fari ba wasa muke yi da ita ba. Ana yaye ta aka kai ta Kalgo wajen goggonta, can ta girma, can aka yi mata aure. Malam bai taɓa kiran sunanta ba, alhali shi ya raɗa shi. Idan zai yi zancenta sai ya ce "mutanen Kalgo", kamar gari guda yake nufi. Ni kuma ni ce 'yar farinta, saboda haka ana yaye ni aka ɗauko ni aka kawo Gwandu. Adda nake ce mata, kamar yadda na ji ƙannenta na faɗa, ita kuma idan ta kama dole ta ambace ni sai ta ce "mutanen Gwandu".

Na sha ganin gaisuwarsu. Adda za ta zo da salla ko da wani sha'ani, ta durƙusa a bakin zaure a karkace, kanta a ƙasa. Shi kuma zai duƙufa a kan takardarsa kamar an ce yau za a karɓe ta. Ta ce an wuni lafiya, ya ce lafiya lau, ya mutanen Kalgo. Ta ce suna gaisuwa. Shi ke nan an gama, ta tashi. Shekara da shekaru abin da take gani na mahaifinta bai wuce ƙafafunsa da gefen buzu ba. Ranar da ya rasu kuma, da aka kira mata su yi masa kallon ƙarshe kafin a rufe likkafani, tana hanya. Motarsu ta tsaya cikon fasinja a Birnin Kebbi, ta iso ta tarar maza suna dawowa suna karkaɗe ƙasa daga hannuwansu.

Ni kuwa fuskar nan a hannuna ta tsufa. Jika ba ta da kunyar kaka, kuma na ci wannan gata har na side hannu. Amarya yake ce mini. Kullum na kai masa fura sai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce wannan amarya ba ta iya komai ba, sakinta zai yi. Ni kuma in ce ya sake ni mana, mu ga wadda za ta kwashi tsoho mai baƙin leɓe. Leɓen nasa kuwa baƙi ne da gaske, domin idan ƙarshen baiti ya ƙi zuwa, alƙalamin yake tsotsa ba tare da ya sani ba, girarsa ta hagu ta ɗaga sama ta tsaya can har sai kalmar ta zo. Ina ƙarama nakan hau cinyarsa in janye amawalin don in ga tabon da ke ƙasan leɓensa, inda wata saniya ta taɓa shi da ƙaho yana yaro. Ɗalibansa da suka yi shekaru a gabansa ba su san da tabon nan ba.

Kurtun tawada biyu gare shi, kuma ba ya yarda a haɗa musu alƙalami. Ɗaya ta takarda ce, wadda ake dafa bagaruwa a yi, idan ta kama ta kama ke nan. Ɗaya ta allo ce, ta gawayi da ƙaro, ruwa kaɗan ya ishe ta. Yakan ce ta takarda ta maganar Allah da Manzonsa ce da abin da aka ɗebo daga gare su, ta allo kuwa ita ce daidai da ɗan Adam. Da ya ga hannuna ba ya rawa sai ya koya mini zayyana, irin adon da ake yi wa allon mai sauka, duk da surutun da aka yi cewa ba aikin mata ba ne. Ya ce shi bai ga inda aka rubuta hannu namiji ne ko mace ba. Amma a kan zanen mai rai ba ya sassauci. Da na fara koyarwa a firamare, ya ji ina zana wa yara akuya a allon aji, sai ya kira ni ya ce in dai ya zama dole, to in riƙa barin tazara tsakanin kai da wuya. Har yau akuyoyin ajina a yanke suke, yara sun saba.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, kuma a kan Adda ne. An yi mata aiki a asibiti a Birnin Kebbi, jikin ya yi tsanani har an fara kiran dangi. Malam da ba ya son mota ya ce in raka shi. Muka isa, ya shimfiɗa buzunsa a gindin wani dogon yaro a harabar asibitin, ya zauna yana jan carbi tun safe har rana ta karkata. Duk wanda ya fito sai ya tambaye shi ya jikin mutanen Kalgo. Na roƙe shi ya shiga, ya ƙi. Na ce tana iya mutuwa yau, ya ce Allah na nan. Raina ya ɓaci, na faɗa masa a gaban mutane cewa mutanen Kalgo suna da suna, kuma shi ya raɗa shi, idan ya manta in tuna masa. Ya tashi ya naɗe buzunsa. Muka koma Gwandu, ya yi makonni yana karɓar fura ba ya kushe ta, wannan kuwa ya fi mini zafi da a ce duka ya yi.

Ranar da ya sauko, yana fiƙe alƙalami ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Amarya, ba ƙi na ba. In nid dube ta, kowa na ganin abin da ad cikin raina, shi kuwa ya hi ƙarhin a gane shi."

Na ce ita fa, wa zai gaya mata? Ya ce ta sani. Ban yarda ba a lokacin, kuma ko yanzu da yake kwance a ƙasa ban gama yarda ba. Ina son mutumin nan fiye da yadda zan iya faɗa, amma a kan wannan ina jin haushinsa har gobe.

Bayan sadakar bakwai, Adda na shirin komawa, Yafendo ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa. Ta ce saƙo gare ta. Wai Adda tun rasuwar nan kullum sai ta yi mafarkinsa, kuma ko a mafarkin ƙafafunsa kawai take gani, ta yi ta ƙoƙarin ɗaga kai wuyan ya ƙi. Da ta ɗauka akwai hoto a wani wuri, tana jira in ya kau ta nema ta duba a ɓoye.

"Tac ce in tambayi mutanen Gwandu, tunda an ce suna zane, ko suna iya hidda mata huskar Baba ta gani. Ko sau guda."

Wannan ne abu na farko da mahaifiyata ta taɓa roƙo a wurina, kuma shi ne abin da mamacin ya fi ƙi. Na san abin da aka faɗa a kan masu zana mai rai, cewa ranar tsayuwa za a ce su busa masa numfashi, daga bakin Malam ɗin ma na fara jin sa. Na yi kwanaki ina juya abin. In na ƙi, Adda za ta mutu ba ta san fuskar ubanta ba, domin masu fuskar a ka ba su iya zane ba, mai iya zanen kuwa ni kaɗai ce. In na yi, na ci amanar wanda ya koya mini riƙon alƙalami.

Na je wurin Kawu, ƙanen Adda, wanda ya gaji buzun da makarantar. Kawu mutum ne mai tsanani, ko da yake hotonsa da sabuwar hula ne a fuskar wayarsa, amma na ga ba ranar faɗin wannan ba ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya karanto mini hukuncin tun daga tushe, ya haɗa da baitocin Malam ɗin kansa. Ya ce ƙasa ba ta gama bushewa a kan kabarin ba za mu fara saɓa masa. Na ce gaskiya ne duk abin da ya faɗa, amma shi da yake maganar ya ƙoshi da kallon fuskar nan tun yana cikin zanen goyo, yayarsa kuwa da ta riga shi zuwa duniya ko a hanya ta gamu da ita ba za ta shaida ta ba. Ya dubi kurtunan nan biyu da ke gefen buzu inda mai su ya bar su. Can ya sa yatsa ya turo na tawadar allo wajena.

"Ban ce ki yi ba, ban ko jiya ba. Amma kar waya ta gane shi, kuma kar shi kwana in ta gani."

Na samo sabon allo mai faɗi na shafe shi da farar ƙasa. Idan na taso daga makaranta na sallami gida, sai in tura ƙofa in zauna da shi kafin la'asar. A zatona aikin yini ɗaya ne, fuskar da na ja gemunta tun ban iya magana ba. Ashe ba haka ba ne. Idan na rufe ido ga shi nan sarai, ina ɗora alƙalami sai ya watse. In hanci ya zo baki ya tafi, in na kamo goshi kumatu su zama na wani. Tsoro ya kama ni, domin na gane fuskar ta fara zubewa daga kaina ni ma, alhali ko arba'in ba a yi ba. Na zana na wanke, na zana na wanke, har allon ya fara duhu. Tawadar kuma tana raguwa a kurtu, ita ce ta ƙarshe da ya dama da hannunsa, ban kuma son in ƙara mata wata.

Da na ga ya ɗan yi kama sai na kira Yafendo. Ta duba ta karkata kai, ta ce wannan dai wani kyakkyawan Bafillace ne, Allah Ya ba shi mata ta gari, amma ba babanta ba ne. Ta ce na gyara shi da yawa. Ina kunnen nan da rawani ya lanƙwasa? Ina baƙin leɓen? Na ga gaskiyarta, so ne ya sa nake yi masa kwalliya. Na mayar masa da tsufansa, da ramin kumatunsa, da tabon saniya, na ɗiga tawada a leɓen na murza da ɗan yatsa. Yafendo ta sake dubawa, ta kama baki, ta fita.

Saura idanu, kuma a nan na tsaya cik. Ina zai duba? Idan na zana shi yana kallon takardarsa, na faɗi gaskiya, haka Adda ta saba samunsa, amma kuma na sha wannan wahala ne don ya sake kawar mata da kai. Idan na ba shi kallon da yake yi mini, na tsokana da dariya, nawa ne, ba nata ba, kamar in ara mata zanen ɗaurawar da kowa ya san ni da shi. Idan kuwa na ƙirƙiro masa wani kallo na tausayi daga kaina, na yi masa ƙarya da tawadarsa. Allon ya yi kwanaki a jingine da fuska ba idanu, ina shiga ɗakin gabana na faɗuwa, sai na juya shi ya fuskanci bango.

Ina tankaɗen gari abin ya faɗo mini. Wata salla ce, shekarun baya. Adda ta yi sallama ta fita, ta miƙe lungun da ke kaiwa bakin titi. Ni kuma na shigo zauren ta ƙofar cikin gida da furarsa, ba takalmi a ƙafata, bai ji ni ba. Na tarar ya ajiye alƙalami, ya janye amawali, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya ya miƙa wuya yana leƙen bayanta ta ƙofar zaure. Girar hagun nan ta ɗaga, bakinsa a ɗan buɗe, yana kallonta kamar mai azumi da ke kallon randa. Bai ƙifta ba har ta sha kwanar masallaci. Da ya farga da ni sai ya ja amawalinsa, ya karɓi furar ya ce ta yi tsami, sakina zai yi. Daga baya na lura duk zuwanta haka yake yi, na kuwa kama bakina.

Na san shi ne kallon, na kuma san abin da zan aikata. Wannan ya fi zanen kansa nauyi a wurina. Abin da mutum ya yi shekaru yana rufewa da rawani da tafin hannu, ni da ya yarda da ni zan kwance shi in kai wa wadda ya ɓoye wa. Na yi alwala, na roƙi Allah gafara, na roƙi Malam a zuciyata, na zana idanun a zama ɗaya. Hannuna bai yi rawa ba, kuma wannan ma ya ba ni tsoro.

Ranar Asabar na naɗe allon a sabon zane na kama hanyar Kalgo. Farkon damina ne, hadari ya haɗu ta gabas tun muna tasha, abin da ke hannuna kuwa yayyafi kaɗan ya ishe shi. Yaron mota ya ce in kawo a sa a but, na ce sai dai a sa ni tare da shi. Wata mata da ke gefena ta tambaya ko rubutu ne za a kai wa marar lafiya, na ce eh, ban kuma jin na yi ƙarya. Daga tashar Kalgo na hau babur ɗin kabu-kabu na rungume allon a cikin hijabi, iska na kaɗawa, ɗigon farko ya sauka a bayan hannuna daidai ƙofar gidan.

Adda na tsakar gida tana kwashe shanya. Ta ce wa igiyar shanyar ashe mutanen Gwandu sun iso, na ce wa ƙasa sun iso lafiya. Ta shiga ɗaki na bi ta. Na jingina allon a kan gado, na kwance zanen, na koma bakin ƙofa na tsaya.

Sai ta durƙusa. A karkace, kanta a ƙasa, daidai yadda take yi a bakin zaure. Ruwa ya kece a kan kwano, ita kuwa ko motsi. Na tsaya ina kallon bayan wuyanta, zuciyata na cewa shi ke nan, na saɓa wa Allah na saɓa wa Malam a banza, kunyar nan ko itace da gawayi ba za ta bari ta duba ba. Na buɗe baki in ce ta ɗaga kai, na tuna ban taɓa ba ta umarni ba, na rufe.

Da ƙyar ta fara, daga ƙasa, kamar mai hawan tudu da kaya. Ta tsaya a gemu. Ta hau zuwa leɓe, na ji ta ce a hankali ashe tabo gare shi. Ta wuce hanci. Da ta kai idanun sai ta ja baya kaɗan, ta dafa ƙasa. Allon ta tambaya, ba ni ba.

"Wa shika kallo hakanga?"

"Ke shika kallo, Adda. Kullum kinka juya za ki gida, haka shika bin bayanki da ido har ki sha kwanar masallaci."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinta wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ba kuka ba ne tukuna, kukan daga baya ya zo. Ta matsa ta gyara zama ta fuskanci allon sosai, gaba da gaba, ta bar hawayen suna zuba ba ta share ba don kada ta rasa ko ƙiftawa ɗaya. Ni ma na zauna a bakin ƙofa na yi nawa. Haka muka kasance har ruwa ya ɗauke aka kira la'asar.

Yafendo ta riga ta gaya mata sharaɗin Kawu, ban sake tuna mata ba. Ita da kanta ta tashi ta ɗauko ƙwarya da ruwa. Na miƙa hannu in karɓa ta girgiza kai. Ta fara daga rawani ta gangaro, ta zagaye idanun ta bar su sai ƙarshe, sannan ta rufe nata ta shafe su da tafin hannu. Ta fito da baƙin ruwan ta tsaya a tsakar gida tana dube-dube, ta rasa inda za ta zuba shi, don ba ruwan da za a watsa a kwata ba ne. Daga ƙarshe ta durƙusa ta tsiyaye shi a gindin lallen da ke bayan ɗakinta. Tafin hannunta ya yi baƙi, ban ga ta wanke ba.

Da na tashi tafiya ta ce wa ƙofar ɗaki a gaida mutanen Gwandu, na ce za su ji. Na ɗauki allona fari na fito, na miƙe lungunsu ina tsallake ruwa. Sau nawa na bi lungun nan tun ina budurwa, ban taɓa waiwayawa ba, don a sanina ba abin da zan gani sai ƙofa. Ranar nan da na kai kwana sai ƙafata ta tsaya da kanta, na juya.

Tana bakin ƙofar gida. Mayafin ya zame mata, ta dafa bango da baƙin hannun nan, ta miƙa wuya, girarta ta hagu a ɗage. Fuskar da na wanke allo sau ba adadi ina nema ce a tsaye a can, da ranta. Ta ga na gan ta. Na ga hannunta ya tashi zai ja mayafin, ya kai rabi ya tsaya. Muka tsaya muna kallon juna daga nesa, har wani mai kabu-kabu da ya tsaya mini a kwanar ya gaji ya tambaye ni ko za ni ko ba za ni ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa waƙoƙinsa su zame masa haske. Idan abin da na yi laifi ne, Allah Ya ɗora shi a kaina ni kaɗai, kada Ya tambayi Adda, kada Ya tambayi Kawu. Har yau ban san ko Malam zai yafe mini tona masa asiri ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Littafin malaman jami'a zai fito ba hoto a bangonsa. Adda ba ta kira sunana ba har yanzu, ni ma ban sa rai ba. Amma idan kewar tsohon nan ta taso mini, motar Kalgo nake shiga, in gaishe ta a karkace kamar kullum, in yi sallama da wuri don in kai kwanar nan da sauran haske.